Shafuka Huɗun Da Na Ɓoye Wa Taubashina

Ina koyar da Hausa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Dutsi lokacin da aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa daga kudu. Shi ya koya mini wasan da daga baya ya zama sana'ata. Ya zo da wani littafi mai kauri na fotokwafi, gefensa duk ya tattare, da waɗansu ƙwayoyi irin na ludo a ɗaure cikin safa, sai dai nasa akwai mai fuska takwas, akwai mai ashirin. Wata Laraba bayan an tashi yara, ya tara mu mu uku a ɗakin malamai, ya ce mu ba shi awa ɗaya. Sai da aka kira la'asar muka ankara.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke riƙe da labarin a rubuce: garuruwan da ke ciki, mutanensu, da abin da kowa ke ɓoyewa. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, wannan maharbi, wancan falke. Jagora ya ce, "Kun iso bakin kasuwa, ga wani tsoho yana nuna ku da sanda." Kai kuma ka faɗi abin da za ka yi. In abin da ka ce mai wuya ne, sai a jefa ƙwaya, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ka iya ko ka kasa. Ba wanda ya san inda za a ƙare, har jagoran kansa.

Da ɗan bautar ƙasa ya gama shekararsa, ya bar mini littafin da safar. Na kawo su gida Daura, na fara tara abokaina uku a zaurenmu duk ranar Asabar da hantsi. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, duk abin da za a jefa ya mirgina ya tsaya a kan lamba, caca ce a idon mutanen unguwa. Asabar ta biyu mahaifina ya shigo ya tsaya a kanmu.

"Me ake ci a nan?"

"Ba a cin komai, Baba. Labari ne kawai."

"To labarin ba ya yiwuwa sai da waɗannan?"

Bai jira amsa ba, ya tattara ƙwayoyin ya zuba a aljihu. Ban sake ganinsu ba. Na yanka kwalin sukari ƙanana-ƙanana, na rubuta ɗaya zuwa ashirin, na zuba a tsohuwar hula, duk wanda jifa ya zo kansa ya sa hannu ya zaro. Da wannan Baba bai ce komai ba. Har akwai ranar da ya daɗe yana goge mashin ɗinsa a bakin zaure, da muka zauna cin abinci ya ce, "An kama ɓarawon kuwa?"

Labaran da ke cikin littafin na mutanen wata ƙasa ne, masu gidajen dutse da ƙanƙara, ba a daɗe ba abokaina suka gaji da su. Sai na fara rubuta nawa. Mahaifina dillalin shanu ne. Tun ina ƙarami nake bin sa kara, na san yadda ake duba haƙori, na san yadda saniyar sata ke waige-waige ta ƙi kusantar wanda ke riƙe da igiyarta. Labarina na farko a kan garken shanu ne da ya ɓace daga kara tsakanin azahar da la'asar, kasuwa cike da mutane, kuma babu sawu ko ɗaya. Shekara guda muna buga shi ina gyarawa. Duk inda abokaina suka bi wata hanya da ban yi tunaninta ba, sai in koma in rubuta musu ita. A littafin makaranta mai layi nake rubutun, bangonsa shuɗi, har sai da ya cika na liƙa masa wani a baya.

Ina da taubashi, ɗan yayan mahaifiyata, ya girme ni da shekara huɗu. A Kano ya yi karatu, ya dawo ya buɗe shagon kwamfuta kusa da tasha, yana buga wa mutane takardu yana cika musu fom. Turanci a bakinsa kamar ruwa. Tun muna yara "bawana" yake ce mini, irin wasan nan na ɗan namiji da ɗan mace, ni kuma in rama da duk abin da ya zo bakina. Sau biyu ya taɓa zama a wasanmu. Na biyun ma rabinsa a waya ya yi shi, da zai tashi ya ce bai taɓa ganin ƙarti da gemu suna tatsuniya da rana tsaka ba.

Wata rana abokina ɗan kudu, tsohon ɗan bautar ƙasar nan, wanda ba mu yanke zumunci ba, ya turo mini saƙo. Wani ƙaramin kamfani a ƙasar waje, mai buga littattafan irin wannan wasa, yana neman sababbin marubuta da za su kawo labarai daga ƙasashensu. Ya ce in aika da na shanun. Sai dai da Turanci ake so, ni kuwa Turancina na karatu ne: ina gane abin da na karanta, amma in na zo rubutawa sai ya fito a karkace. Kwamfuta ma ba ni da ita. Na ɗauki littafin na tafi shagon taubashi, tare da wata wasiƙa da na rubuta wa editar kamfanin da hannuna da Turanci, ina gabatar da kaina.

Sati uku ina zuwa bayan la'asar. Ni in karanta da Hausa in yi bayani, shi ya juya ya buga. Ya iya aikin, ba zan hana shi wannan ba. Da muka gama ya ce ya aika, in je in jira. Wata ɗaya, wata biyu, in na tambaya sai ya ce, "Shiru, bawana. Ka san Turawa, ba kowa suke kulawa ba." Na yarda. Na ce wa kaina labarin ne bai kai ba, har na yi makonni ban kira wasa ba.

A wata na bakwai abokina ɗan kudu ya kira ni ina cikin aji. Na fito baranda. Da gurguwar Hausarsa ya ce littafin ya fito, ya saya ta intanet, ga labarin shanu a ciki, amma sunan da ke kai bai san shi ba. Ya tambaya ko wani suna na ara. Na ce ya turo mini hoto, ya turo. Sunan taubashina ne, cikakke, har da na kakanmu. A ƙarƙashi an rubuta cewa marubucin ɗan dillalin shanu ne, a kara ya tashi. Kawuna, mahaifinsa, tela ne. Ko akuya bai taɓa sayarwa ba.

Ban koma aji ba. Na hau mashin daga Dutsi har ƙofar shagon. Na tarar yana buga wa wata mata takarda, na jira ta fita, na ajiye masa wayar a kan tebur. Ya duba ya yi murmushi.

"Au, ashe ya fito."

"Yaya, sunan wa ke nan?"

"Zauna mana. Da adireshina aka aika, ni suka sani. Da na ce na wani ne, sai su ce to ina shi, a shiga dogon bayani."

"Wasiƙata fa?"

"Wannan wasiƙar? Da na aika da ita ko buɗe labarin ba za su yi ba. Asiri na rufa maka." Ya juyo da kujerarsa. "Kuma ka faɗa tsakaninka da Allah, akwai kalma ɗaya a shafin nan da ta fito daga bakinka? Turancin nawa ne. Kai da littafin naka ma ai duk nawa ne, bawana."

Ya yi dariya, yana jira in taya shi don a mayar da abin wasan taubasai. Na ɗauki wayata na fita.

Na kai ƙara wurin mahaifiyata. Ta saurara har na gama, tana tsince shinkafa a faranti, sannan ta ce in bar maganar. Ba za ta ɓata da yayanta a kan tatsuniya ba. Baba kuwa ban gaya masa ba. Na kasa faɗa masa cewa wani ya ɗauki sana'arsa ya yi ado da ita.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na haƙura. Bayan sati biyu aka yi suna a gidan kawu. An raɗa suna, an raba goro da dabino, maza na zaune a tabarmi a ƙofar gida, sai taubashi ya fito da shafin nan mai sunansa, ya riga ya buga shi a takarda mai sheƙi. Ana ta miƙa wa juna, ana cewa ɗanmu ya shiga littafin Turawa. Ɗaya daga cikin abokan wasana ya kasa daurewa, ya ce ai wannan labarin malam ne, a zaurensu muka buga shi. Taubashi ko gezau bai yi ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro wasiƙata, ashe ya zo da shirinsa. Ya ce, "To bari ku ji Turancin marubucin." Ya karanta ta da ƙarfi, yana jan duk inda na yi kuskure, yana fassara kuskuren da Hausa don waɗanda ba su gane ba. Akwai wurin da nake so in ce ina fata editar za ta ji daɗin labarin, ashe abin da na rubuta ya fi kama da ina fata za ta ji daɗina. Aka yi dariya har da tsofaffi. Cikin masu dariyar akwai kawu, akwai surukina. Na zauna ina murmushi, dabino a hannuna har ya narke ya manne mini a tafi. A wurin na yanke cewa sai na rama.

Sai da na jira wata biyar. A tsakanin nan ban fasa gaishe shi ba. In ya ce bawana, in amsa. Na san zai dawo, domin abokina ɗan kudu ya gaya mini labarin ya karɓu, kuma na san taubashi ba shi da na biyu a kansa.

Ya zo gidanmu wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da tsire a takarda. Ya ce editar ta ba shi babban aiki, dogon labari wanda zai zama littafi shi kaɗai. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, wannan karon zai sa sunana a shafin godiya.

"A shafin godiya," na ce.

"Da manyan baƙaƙe."

"To Yaya, Allah ya ba mu sa'a. Ba ni wata biyu."

Ban taɓa zuba ƙarfina a aiki kamar wannan ba. Labarin fatake ne da suka ɗauko gishiri daga arewa za su kai wani birni mai ganuwa, suka tarar ƙofarsa a rufe shekara bakwai, ba shiga ba fita. Sarkin ƙofa ba ya buɗewa sai ga wanda ya faɗi sunan 'yarsa da ta rasu. Duk daɗin labarin a cikin birnin yake, da kasuwarsa da marinarsa da mutanen da suka manta yadda baƙo yake. A waje kuwa mutum ɗaya ne ya san sunan, wani baduku a ƙauyen da ke bayan ganuwa, wanda ya taɓa ɗinka wa yarinyar takalmi. Shafi huɗu na ba shi: yadda za a same shi, abin da zai sa ya buɗe baki, da sunan kansa. Duk wata hanya ban da wannan na toshe ta. Ganuwar ba ta hawuwa, ƙasan wurin dutse ne ba ya haƙuwa, sarkin ƙofa ba ya karɓar toshiyar baki, ba ya jin barazana. Marubucin kirki ba ya toshe hanyoyi haka. Na sani, da gangan na yi.

Asabar shida muna buga shi da abokaina, ya tafi daidai. Sannan na sa reza na yanke shafuka huɗun nan daga gindi, na gyara lambobin shafi. Duk inda aka ambaci badukun a wani wuri na goge, na bar jimla ɗaya tak: idan 'yan wasa suka sami sunan, ƙofa za ta buɗe. Mai karantawa zai wuce ta bai tsaya ba, hankalinsa na kan birnin. Sai wanda ya zauna zai buga ne zai tarar babu inda za a sami sunan. Shafukan na ninke su na cusa a akwatin matata, ƙarƙashin zannuwa. Bayan kwana biyu ta gan su.

"Malam, waɗannan fa?"

"Ajiya ce."

"Ta alheri?"

"A'a."

Ta mayar da su inda ta ɗauko.

Muka sake zaman juyawa a shago, sati biyar. Kullum ina jira ya ce, to a ina za su sami sunan? Da ya tambaya, ban san abin da zan ce masa ba. Bai tambaya ba. Yana ta yaba wa kansa yadda ya juya kwatancin kasuwar birnin.

Abin da na yi tsammani shi ne editar za ta gano ramin, ta tambaye shi a rubuce, ya rasa amsa. Sai abin ya zo mini fiye da yadda na tsara. Ta rubuto cewa al'adarsu ce, duk wanda ya rubuta dogon labari sai ya ja wasan sau ɗaya ta bidiyo, ita da ma'aikatanta biyu su zama 'yan wasa, kafin a fara gyara. Taubashi ya zo mini a rikice. Na kwantar masa da hankali, na ce karantawa kawai zai yi. Ni zan zauna a gefe inda kyamara ba ta kai, in ya maƙale in rubuta masa a takarda in miƙa.

Ranar, bayan la'asar ya rufe shago, ya tada janareta, ya sha farar shadda da hula kube. Na zauna a benci bayan injin fotokwafi, takarda da biro a cinyata. Daga nan ina ganin gefen fuskarsa da wani ɓangare na allon kwamfutar. Editar dattijuwa ce mai furfura da tabarau, tana magana a hankali, har ni ina gane ta sarai. Ta ce ta daɗe tana son ganin mutumin da ya rubuta labarin shanu, ta tambaye shi yadda ake gane saniyar sata. Ya ce ai sai wanda ya tashi a ciki. Ta yi dariya.

Rabin awa na farko ya tafi lafiya. Ya karanta tafiyar fatake, har da ƙara wa muryarsa kauri. Suka iso ƙofa, sarkin ƙofa ya faɗi sharaɗinsa. Namijin cikin ma'aikatan ya ce zai hau ganuwa. Taubashi ya duba takarda ya ce ba ta hawuwa. Macen ta ce za ta ba sarkin ƙofa buhun gishiri, ya ce ba ya karɓa. Editar ta ce to za su zagaya su tambayi mutanen da ke zaune a wajen birni, wa za su tarar?

Ya buɗe shafi na gaba. Ya koma baya. Ya ce su ba shi minti ɗaya. Jagoran da ya saba, nan take zai ƙirƙiro wata tsohuwa mai tallan fura ya sa sunan a bakinta, wasa ya ci gaba, ba wanda zai sani. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa jan wasa ba. Ya saukar da hannu ƙarƙashin tebur yana kaɗa mini yatsu. Na yi rubutu a takardar, na ninke na miƙa masa. Ya buɗe a cinyarsa. Abin da na rubuta shi ne, "Ka karanta musu wasiƙata."

Ya ɗago ya dube ni. Na daɗe ina kwatanta wannan kallo a raina, a kan mashin tsakanin Daura da Dutsi, kuma da ya zo bai gaza abin da na yi zato ba. Gumi ya tsattsafo masa daga ƙarƙashin hula. Leɓensa na ƙasa ya saki. Na ci gaba da kallonsa.

Editar ta tambaya ko lafiya. Ya ce intanet ne ke yankewa. Ta ce su suna ganinsa sarai. Sannan ta ce ba laifi, a ajiye wasan, ya gaya musu kawai, wa ya san sunan yarinyar? Ya ce mutumin yana cikin birni. Ta ce to ta yaya za a shiga a tambaye shi? Ya sake juya shafuka. Ta ce, mene ne ma sunan? Ya ce ya manta, zai duba ya turo. Ta cire tabarau ta goge, ta ce ba ta taɓa ganin marubucin da ya manta mabuɗin labarinsa ba. Ta yi masa godiya, allon ya yi duhu.

Janareta na ta ƙara. Can ya ce, "Ni ka yi wa haka?"

"Ƙwarai."

"Kai, ɗan gwaggona?"

"Bawanka dai," na ce. Na tashi na zare sakatar shagon da kaina na fita.

Tun kafin ranar na riga na ɗauki hoton kowane shafi na littafin shuɗi, da goge-gogensa da ƙarin da na yi a gefe, da kuma shafuka huɗun nan. Ina fita na tsaya gindin wata darbejiya na tura wa abokina ɗan kudu. Shi ya tura wa editar, tare da shaidarsa, da sabuwar wasiƙa da na rubuta da karkataccen Turancina. Na hana shi gyara mini ko harafi ɗaya. A ciki na faɗi komai, har da cewa da gangan na yanke shafukan.

Sai bayan kwana tara ta amsa, kuma ba ta yaba mini ba. Ta ce na ɓata mata lokaci ita da ma'aikatanta. Tun ranar da na ga sunan ya kamata in rubuto mata kai tsaye, da ta saurare ni. Gaskiyarta ce. Amma ta ce in na yarda, mu yi bidiyo in ja wasan da kaina. A ɗakin malamai a Dutsi na ja shi, wayata a jingine da tulin littattafan yara, ina haɗa Turanci da nuni da hannu. Awa uku muka yi. Suka sami badukun, suka shiga birni.

Aka canja sunan da ke kan labarin shanu, maganar ɗan dillali ta dawo inda ta dace. Na birnin kuwa sau huɗu tana dawo mini da shi jawur da gyara. Abu na farko da ta sa ni yi shi ne in buɗe waɗansu hanyoyin shiga, ta ce ba a yi wa 'yan wasa ƙofa ɗaya. Da ƙamus na yi aikin, kalma-kalma, na ɗauki kusan shekara. Ta hannunta ne waɗansu kamfanonin suka san ni, har aiki ya riƙa zuwa.

Shafin mai sunana na kai wani shago a Katsina aka buga mini shi a takarda mai sheƙi, kwafi ashirin. Na bi duk wanda na tuna yana zaune a tabarmar nan ranar suna, gida-gida, na miƙa masa ɗaya. Surukina na fara kai wa. Ban yi wa kowa bayani ba sai wanda ya tambaya, shi kuwa in gyara zama in ba shi labarin tun daga farko.

Kawu ya zo gidanmu ya yi faɗa. Ya ce na tozarta ɗan'uwana a gaban baƙi, kamata ya yi in kawo masa ƙara. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, ranar suna kana zaune a wurin, kuma na ga ka yi dariya." Ya tashi ya sa takalmansa. Mahaifiyata ta yi kusan wata biyu ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Wannan ya dame ni, kuma shi kaɗai ne abin da ya dame ni a cikin lamarin duka. Baba, da labarin ya kai masa, cewa ya yi in karanta masa abin da aka rubuta a ƙarƙashin sunana in fassara. Na fassara. Ya ce, "To," ya ci gaba da cin tuwonsa.

Shekara uku ba abin da ke haɗa ni da taubashi sai gaisuwar Sallah da ta jana'iza. Mutane da dama sun ce in nemi gafararsa, har da matata. Ban nema ba, shi ma bai nemi tawa ba. Ran nan da safe na shiga motar Katsina a tasha, wurin da ya rage ɗaya ne, kusa da shi. Muka matsu kafaɗa da kafaɗa. Sai da muka yi nisa sannan ya yi magana, idonsa na kan gonakin da muke wucewa.

"Da ka ce mini a'a tun ranar da na zo neman na biyun, ai da shi ke nan. Da na ce musu ba ni da lafiya, ko wani abu."

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Fuskarka nake so in gani."

Direba ya tsaya ya sauke wata mata da buhun gero, ya sake tashi, sannan taubashi ya juyo.

"Ka gani?"

"Na gani."

Ya gyaɗa kai. Muna shiga Katsina ya ce a sauke shi a shataletalen farko, ya fita bai yi sallama ba. Ni na wuce cikin gari, ina da takardun da zan buga kafin azahar.